Ranar da Sanda ta Raba Njidda da Tirelarsa

Kafin masu soya su hura wuta, kafin teloli su ɗaga ƙofofin shagunansu, za ka ga Malam Njidda a tsugune a bayan akori-kurarsa, a gangaren masallacin layinmu na Briqueterie. Ƙugiyar da ke haɗa mota da tirela yake dubawa. Zai shafa mata baƙin mai da yatsa, ya ja sarƙa, ya doki taya da ƙafa, sannan ya cire dutsen da ya tokare tirelar da shi, don a Yawunde duk abin da ka ajiye ba tokari sai ka je kwari ka ɗauko shi. Ya yi bisimilla ya shiga mota. Daga nan kuma tafiya sai yadda hali ya yi, domin tsakanin masallaci da bakin titi babu wanda ba zai gaisa da shi ba. Zai tambayi mai ƙosai gwiwarta, ya tambayi mahauci jikin tsohuwarsa, kuma ba tambayar wucewa ba, sai ya ji amsa.

Tirelar ba irin doguwar nan ta manyan motoci ba ce. Ƙarama ce mai taya biyu, wani maƙeri a Elig-Edzoa ya haɗa masa ita da ƙafar tsohuwar mota da ƙarafan gado. Na daɗe ina kallonta, kullum sai in ga kamar maraƙi ne ke bin uwarsa yana tsalle a kan ramuka. A kanta raguna suke zuwa mana daga kasuwar Etoudi. A kanta kekunan ɗinki suke ƙaura daga shago zuwa shago. Na taɓa ganin ta ɗauke da kujerar mai aski, mai askin yana zaune a kai riƙe da madubinsa, yana ɗaga wa mutane hannu.

Awwal mahauci ya ce shekarar da ruwa ya shiga gidajen bakin rafi, Njidda ya wuni yana kwashe katifun mutane zuwa tudu, da aka nemi a yi masa godiya sai aka tarar ya tafi ɗauko wata tsohuwa da akuyarta. Masu wankan gawa kuma sun san wanda ake kira idan makara ta rasa mota.

Kai ne, Njidda, mai wutsiyar ƙarfe, wanda unguwa ta hau bayansa shekara da shekaru. Kai ne ka san wane rago ke amai a mota, wace tsohuwa ke son a tafi a hankali. Amma duk ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da na gani da idona a ƙofar peyaj shi ya sa.

Peyaj shi ne wurin da ake tare hanya a biya kuɗin wucewa. Da can mutum ne ke zaune a ɗan ɗaki yana miƙo tikiti, ku gaisa, ya ɗaga sanda. Sai aka kawo na'ura. Rashidu, ɗan 'yar'uwar Njidda mai tuƙa tasi, ya kai shi ofis aka ba shi wani abu kamar kwalin ashana, ana ce masa baj, aka manna a gilashin gaba. Da na'ura ta hango baj sai ta ɗaga sanda da kanta. Matar ofis ta ja masa kunne da Faransanci, Rashidu ya maimaita da Hausa.

"Kawu, ta ce in kana jan tirela ka tafi a hankali, amma kada ka tsaya a ƙarƙashin sanda. Idon na'urar in ya daɗe yana ganin fili tsakanin mota da tirela, sai ya ɗauka ka wuce, ya sauke."

"Me zai tsayar da ni?" in ji Njidda.

Rashidu ya girgiza kai. Ya san kawunsa.

Ana haka auren Salwa ya taso, 'yar Rahama mai ɗinki. Mahaifin yarinyar ya rasu, dangin uba kuma suka ce a Obala za a ɗaura, a garinsu. Matan gidan suka aiko a tambayi Rahama ko za ta iya ciyar da taro, ko su su yi. Tambayar ta yi mata zafi. Ta ce abincin 'yarta daga Briqueterie zai zo, kuma zai iso kafin maza su fito daga masallaci. Ta riga mu tafiya da amarya, ta bar sunanta a cikin tukwane.

Inna Zinariya ce ta dafa, uwar girkin unguwa, gajeruwar mace mai muryar da ake ji daga layin mahauta. Aka loda wa tirela tukwanen shinkafa da miya da kwandunan waina, aka ɗaure murafe da tsumma. Aka ce ta shiga gaba, ta ƙi.

"In zauna ina kallon gilashi, miyata na baya tana zuba? Njidda, sa mini kujera a nan."

Aka sa mata 'yar kujera a tsakiyar tukwane. Ni na samu kujerar gaba, don tun da na ji labarin ƙofar da ke buɗe kanta na rasa sukuni sai na gani.

Muka fita gari ta arewa. Da muka kusa peyaj Njidda ya rage gudu kamar yadda aka koya masa. Baj ya yi ƙara, ɗit, sanda ta tashi ba hannun kowa. Na yi kabbara. Ina cikin tunanin ko waye a ciki yake gane mu, sai na ji birki.

Wani tsoho ne a gefen ƙofa riƙe da tsintsiya, kansa a aske, da baƙin ƙyalle ɗaure a hannun rigarsa. Baba Ondowa ke nan, wanda ya daɗe yana sayar da tikiti a wurin, da na'ura ta zo aka mayar da shi shara. Njidda ya ji labarin rasuwar matar tsohon, bai kuwa sake biyowa ta hanyar ba sai ranar.

"Malam Njidda, sanda," na ce.

"Ba a yi wa mutum ta'aziyya ta taga."

Ya fita. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu, ya rusuna, ya fara da Faransancinsa na kasuwa yana haɗawa da Hausa. Yaya haƙuri. Ta daɗe tana jinya? Yaran sun zo? Wa ke dafa maka? Tsohon yana amsawa idonsa na kawo ruwa. Ita kuwa sanda ta jira iya jiranta, sannan ta sauko a natse, ta kwanta daidai tsakanin mota da tirela, dab da hancin Inna Zinariya.

"Njidda!"

Ya waiwayo.

"Zo ka gaisa da wannan ma, ta zo tun ɗazu."

Gaba ba hali, tirela za ta doki sanda. Baya ba hali, mota za ta doke ta. Baj na gilashin gaba, ya riga ya wuce idon na'ura. Baba Ondowa ba shi da makulli, tsintsiya kawai gare shi. Ya danna wani maɓalli a jikin ƙarfe, murya ta fito ta ce mai makullin ya tafi gyara a wata ƙofa, a yi haƙuri. Bayanmu wata motar katako ta fara danna ham kamar za ta tsaga kunne.

Sai waya ta yi ƙara. Rahama ce, ina jin muryarta daga inda nake.

"Malam Njidda, maza sun shiga masallaci. Kuna ina?"

"Rabinmu ya wuce peyaj, Hajiya."

"Wane rabin?"

Njidda ya dubi tirela. "Rabin da ba abinci."

"Na shiga uku. Ga matan gidan nan sun jera tabarmi suna kallona."

"Ki ba su ruwa, muna tafe."

Inna Zinariya ta miƙe tsaye a cikin tukwane. "Tun ina budurwa nake girkin biki, ban taɓa kai abinci bayan an watse ba. Yau sai ga shi za a yi mini a dalilin ina kwana. Kai ko jirgin sama aka ba ka, sai ka tsaya ka gaida shaho."

Njidda ya mayar da waya aljihu. Ya zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin sanda, ya daɗe yana kallon ƙugiyarsa. Sannan ya kwance sarƙa, ya zare ƙugiya, ya ce in riƙe hancin tirelar kada ya faɗi. Ya ja mota gaba ya ajiye a gefe, ya ɓamɓaro baj daga gilashi da makullin mota, ya dawo. Ya nufi direban katako, ya ɗaga hannu.

"In ka tambaye shi iyali sai na juye maka miya!" in ji Inna Zinariya.

Ya tambaye shi duk da haka, amma a gajarce. Direban da ya leƙo da zagi a baki ya rasa inda zai ajiye shi, ya ja motarsa baya.

Matan da ke talla a bakin peyaj sun riga sun taru, masu ayaba da abarba da ƙullin rogo. Babu wadda Njidda bai san sunan ɗanta ba a cikinsu.

"Papa Magida, c'est comment?" in ji babbarsu, wato yaya ake ciki. Magida kuwa, wato maigida, haka mutanen kudu ke kiran namu.

Ya gaya musu abin da yake so. Suka kalli juna, suka fashe da dariya, suka sauke farantansu a ƙasa, suka gyara ɗaurin zane. Aka tura tirela baya har ta yi nisa da ƙofa. Njidda ya miƙa wa Inna Zinariya baj.

"Inna, yau ke ce direba. Ɗaga shi sama na'ura ta gani."

Ta ɗaga, tsawo bai kai ba. Ta jefa shi cikin babban ludayinta ta ɗaga da hannu biyu. Njidda da Baba Ondowa suka kama hancin tirela, mata suka dafa baya, ni na dafa abin da ya rage. Muka taho a hankali, mota ba inji, direba a tsaye da ludayi. Na ce a raina, idan na'urar nan tana da hankali ko kaɗan ba za ta yarda ba.

Ɗit. Sanda ta tashi.

"Ku tura! Kada wanda ya tsaya!" in ji Inna Zinariya.

Muka wuce a guje, mata na guɗa irin tasu, direbobin da ke layi na buga jikin motocinsu. Na dubi Baba Ondowa, yana haki yana dariya, hawayen ɗazu bai ma bushe ba. Kafin Njidda ya gama mayar da ƙugiya, Inna Zinariya, wadda ko jikanta ba ya taɓa mata tukunya kafin lokaci, ta buɗe kwandon waina ta cika wa matan farantansu, ta ƙulle wa tsohon nasa daban.

"Ka ɗumama kafin ka ci," ta ce masa. Ta juyo. "Kai kuma ja mu tafi. Ko liman ka gani a hanya, ɗaga masa hannu ya isa."

Mun shiga layin gidan a Obala daidai lokacin da maza ke fitowa daga masallaci da goro a hannu. Rahama na tsaye a ƙofa, gyalenta ya zame ba ta sani ba. Aka sauke tukwane, aka kwance tsumma, tururi ya tashi. Matar da ta aiko da tambaya ita ta fara ɗaga murfi. Ta leƙa, ta shaƙa, ta kira a kawo manyan farantai. Rahama ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, ban san kuka take ko dariya ba.

A watan nan Njidda ya ajiye tuƙi, ido ya fara gajiya. Ya miƙa wa Rashidu mota da tirela da baj, wanda har yanzu yake ɗan ƙamshin miya.

Mun gode, Malam Njidda. Raguna da katifu da gawarwakinmu da amarenmu duk ka kai su inda za su. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idon haske, ya sa yadda ka tsaya wa mutane a tsaya maka.

Ku kuma masu jan tirela, na'ura ta rage muku jira, kada ta rage muku mutane. Ina wurin lokacin da Njidda yake ba Rashidu makulli, na ji abin da ya gaya masa, shi zan bar muku:

"In ka ga wanda ya kamata ka gaisar, fitar da tirelarka daga ƙarƙashin sanda tukuna. Ka ajiye mota a gefe, ka kashe, ka dawo da ƙafa."