Muryar Edek a Waƙa ta Uku

A unguwarmu ta Baluty, cikin birnin Lodz, in ka tambayi Miroslawa Pietrzak sai an tsaya ana tunani. Ka ce Mirka mai labule, nan take za a nuna maka shagonta, kusa da gidan burodi. Amma waɗanda suka yi samartaka cikin baƙaƙen kaya, furfura ta kama su yanzu, da wani suna suka santa: 'yar Wa-Ya-Mutu. Ta daɗe tana jin haushin sunan nan.

Abin ya faro ne a 1985, tana 'yar shekara goma sha bakwai. A lokacin faifan ƙasashen Yamma ba ya shigo mana sai a ƙasan akwatin wani ma'aikacin jirgin ruwa, saboda haka gidan rediyo ke rufa mana asiri. Ranar Lahadi da yamma mai gabatarwa zai faɗi sunan faifai, ya ce a shirya, ya ƙirga uku, sannan ya kama bakinsa har faifan ya ƙare. Ba wanda ya taɓa cewa a ɗauka, amma gari guda yatsa na kan maɓallin rikoda.

Wannan Lahadin, ana saura minti biyar a fara, aka ɗauke wuta a ɓangarenmu gaba ɗaya. Masu manyan injuna suka zauna suna zagi. Mirka kuwa talauci ne ya cece ta, don 'yar rikodarta da rediyon kicin duk da batir suke aiki. Ba ta da wayar haɗa su, sai ta tokare makirufo da littattafan makaranta a gaban lasifika, ta rufe ɗaki, ta roƙi mutanen gida kada wanda ya yi ko tari na minti arba'in.

Faifan na wasu 'yan Ingila ne su huɗu, kuma ba mu taɓa jin irinsa ba. Gangar ba hannun mutum ke bugawa ba, inji ne, ba ya sauri ba ya gajiya, sak ƙarar masaƙar da iyayenmu ke aiki. Wata jita mai kaurin murya na bin ƙasa ƙasa, mawaƙin kuma kamar daga cikin rijiya yake magana. Turancin ba ma ji, bai kuma dame mu ba. Mun dai gane mutumin nan ya san gari mai hayaƙi, ya san tsayuwa a layin nama cikin sanyi.

A tsakiyar waƙa ta uku akwai wurin da komai ke yin tsit, sai gangar kaɗai. Daidai nan babanta Edek ya turo ƙofa. Shekara talatin yana tsakanin injunan saƙa, sun cinye masa kunne, don haka magana a wurinsa sai da ihu. Ya ga 'yarsa durƙushe a ƙasa cikin baƙar riga, ido ya sha kwalli, ga kuma wannan kiɗa, sai ya ɗaga murya.

"Wa ya mutu a gidan nan?"

Makirufo bai bar ko harafi ɗaya ba. Mirka ta yi kuka har da shessheƙa, ta kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Sai dai kaset ɗinta ne kaɗai a duk yankin, don haka ranar Litinin aka yi layi a ƙofarsu. Wannan ya kwafa, wancan ya kwafa daga kwafin, kafin bazara Edek ya kai Warsaw, ya kai Gdansk, shi da bai taɓa wuce gidan surukarsa ba. Sunan faifan na gaskiya ya ɓace, kowa Wa-Ya-Mutu yake cewa. Akwai ma wani ɗan Gdansk da ya rantse 'yan Ingilan ne suka ɗauko mutumin ƙasarmu takanas don ya faɗi wannan magana, wai saƙo ne ga gwamnati, har aka kusa ba hammata iska a kan musun.

Abin da faifan nan ya yi mana ba kaɗan ba ne. Cikin shekara biyu ƙungiyoyin kiɗa sun fi goma a Lodz, duk a ɗakunan ajiya na ƙarƙashin benaye, duk da gangar inji da wani mai gyaran talabijin ya harhaɗa. Samari suka koma tayar da gashi da ruwan sukari. Mirka ta rina kayan rabin ajinsu baƙi a tukunyar miyar mamanta Gienia, abin da ya sa gidan ya yi wata guda yana shan miyar kabeji mai launin toka. In aka sa waƙa ta uku a wurin rawa, da an zo wurin shirun nan sai zauren ya ɗauki tambayar Edek da murya ɗaya.

Edek ya ji daɗin abin ƙwarai, ko da yake bai taɓa yarda ya ce haka ba. Samari masu kama da hankaka za su tare shi a tasha, su kira shi Pan, wato malam.

"Pan Edek, wa ya mutu?"

"Hankalinku!" in ji shi. "Ku je ku wanke fuska, 'yan banza."

Mirka ce kaɗai ba ta dariya. A ganinta ya ɓata mata abu mafi kyau da ta taɓa mallaka. A 1991, da kasuwa ta buɗe, faifan gaske ya zo hannun wata ƙawarta, sai Mirka ta ɗauko kaset ɗin asali, ta liƙe ramukan gindinsa da salatif yadda zai yarda a sake ɗauka a kansa, ta shafe shi tas da kwafi mai tsabta. Ta je ta girgiza wa babanta shi a gaban hanci.

"Baba, yau na kore ka daga waƙata."

"Madalla," ya ce, yana yanka burodi. "Yanzu sai ki yi makokinki lafiya."

Ta koma ɗaki ta saurara. Komai fes, ba shuu, ba ƙarar kujera. Da aka zo wurin shirun sai ta ji wani fili fayau wanda ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Masaƙa ta rufe. Mirka ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, auren ya mutu, ta sayi keken ɗinki ta kama labule. Edek ya rasu a 1999, ciwon huhu, kamar yawancin abokan aikinsa. Gienia ta ci gaba da zama a hawa na huɗu, benen da babu lif, har ƙafafunta suka daina saukowa da ita.

Wata Asabar a kakar 2013 Mirka ta kai mata magani, ta tarar da ita zaune da hoton aurensu a cinya, shayi ya huce a gefe.

"Mirka, fuskarsa ga ta nan, ba inda za ta. Amma muryar ta tafi. Tun jiya nake nema a kaina, ban same ta ba."

"Haba Mama, muryar Baba? Ai maƙwabta ma ba su manta ba."

"To ni na manta. Ina kaset ɗin nan naki na makoki? Sa mini in ji shi sau ɗaya."

Mirka ta ce za ta duba. Ta sauko benen, ta kuwa san babu wani wuri a duniya da aka ɗauki muryar mutumin nan sai wurin da ta shafe da hannunta. Likita kuma ya riga ya gaya mata kada ta sa rai uwar za ta kai bazara.

Mako shida tana bin tsofaffin abokai. Wannan ya ce matarsa ta zubar lokacin da suka tashi daga gida. Wancan ya ce shi ma ya shafe nasa a 1991, kamar kowa, don a shekarar duk mun ji kunyar kayanmu masu shuu. Wata da ke Dublin ta aiko mata faifan ta waya, tana murna wai an sake gyara sautinsa. Mirka ta gode mata, ta ajiye wayar, ta zauna a gaban keke ba ta ɗinka komai ba har aka tashi kasuwa.

Na ƙarshe shi ne Zenek, wanda ta ƙi aura a 1988, kuma tun daga nan gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga kai. Direban tasi ne yanzu. Ya buɗe ƙofa ya ƙare mata kallo.

"Ikon Allah! 'Yar Wa-Ya-Mutu da kanta. Labule na yi oda ban sani ba?"

"Ina gashin ya tafi, Zenek? Duk sukarin da ka ɓarnatar."

"Ƙudaje sun cinye. Me ya kawo ki?"

Ta gaya masa. Bai ƙara zolaya ba, ya ɗauki tocila suka sauka ɗakin ajiya. Zenek irin mutanen nan ne da ba sa zubar da ko murfin kwalba, halin da ya sa ta ƙi shi ke nan ma. A akwati na biyar, ƙarƙashin tayoyin mota na lokacin sanyi, ga kaset da rubutun biro ya dushe. Ya ce kwafi na huɗu ne ko na biyar, bai yi alkawarin komai ba.

Sai matsalar abin da za a sa shi. Rikodar gidansa ta mutu tuni, ta shagon gyara kuma ta tauna kaset ɗin gwaji a gabansu. Abin da ya rage shi ne rikodar cikin tsohuwar motarsa, wadda ke ajiye a gareji. Mirka ta ƙi yarda a gwada kafin lokaci, tana tsoron zaren kaset ɗin ba zai jure wucewa sau biyu ba.

Ranar Lahadi da hantsi ya kawo motar ƙofar bene. Shi da wani maƙwabci suka sauko da Gienia a kan kujerar kicin, tana lulluɓe da bargo, tana yi musu faɗa a kowane hawa. Suka zaunar da ita a gaba, Mirka a baya. Zenek ya tura kaset.

Shuu ya fi kiɗan yawa, gangar kamar ana buga ta a gidan maƙwabta. Gienia ta jure waƙa biyu tana yamutsa fuska.

"Har yanzu dai ba daɗi," ta ce.

Waƙa ta uku ta zo, komai ya yi tsit. Daga can nesa, ta cikin shuu ɗin, Edek ya ɗaga murya yana tambaya wa ya mutu.

"Kai ne, Edek," in ji Gienia, a hankali, kamar yana tsaye a bakin taga. "Kai ne ka mutu, wawa."

Sai wata murya ta biyo baya, siririya, mai zafi, wadda Mirka ta manta sam tana ciki: "Baba, fita! Fita mana!" Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda. Ta miƙa hannu ta tsakanin kujeru za ta kashe, Gienia ta buge hannun.

"Bar shi. Bai gama fita ba."

Suka kasa kunne su uku. Takun silifa biyu, sannan wani ɗan ƙaramin sauti, da ƙyar ake jinsa a ƙarƙashin ganga.

"Kin ji?" Gienia ta ce. "Ƙofa ce. Shekara arba'in da shida ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin ya rufe ƙofa a hankali ba. Ashe ya iya."

Mirka ta kifa goshi a bayan kujerar uwarta tana kuka. Gienia ta taɓa hannun Zenek, ta ce ya mayar da kaset ɗin baya kaɗan.