Kuɗin da Bature ya bari a ƙarƙashin kwanona

Matan gidanmu, ku ajiye tsintsiya ku ji! Yau saura ƙiris in rufe rumfar tuwona!

Da azahar wani Bature daga jami'a ya zo nan unguwarmu Ayigya da direbansa Kwaku. Ya ci tuwo da miyar ayoyo har da suɗe yatsa. Ya biya, ya tafi. Ina ɗaga kwanonsa sai ga takardar kuɗi ta sidi guda a ninke!

Dama tun da gwamnati ta fara korar baƙi daga ƙasar nan ciniki ya mutu. Maƙwabciyata Adiza mai koko ta ce, "Yaya Memuna, kar ki taɓa! Irin kuɗin nan ne ke janye kasuwar mutum!"

Na kife tasa a kai, na aika a kira Malam Isaka, limamin unguwa. Masu ci suka watse, har wani ya bar namansa.

Malam ya zo, ya tofa addu'a, ya ɗauke kuɗin da gefen rawani. Ya ce, "Hajiya, wannan sai a aljihun malami yake lafawa." Na yi godiya, na ƙara masa da tuwo malmala biyu.

Da la'asar sai ga Kwaku. Ya ce, "Maame, kin ga tukuicinki? A ƙasarsu in abinci ya yi daɗi haka ake bari."

Na ruga masallaci ko mayafi ban gyara ba. Malam yana ɓare goro sabo ya ce, "Kwantar da hankalinki, Hajiya. Sharrin ya riga ya bar unguwa."