Makon da Hajiya ta rufe autarta a kwalla

In dai ina da rai da hankalina, ba zan manta makon da kakata ta ɗauki aikin da na fi alfahari da shi ta jefa a kwalla ta rufe ba.

Lokacin ban daɗe da fara aikin tsara manhajar waya ba, kaina kuwa ya yi girma. Ogan wurin aikinmu yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: manhaja mai kyau kamar rufa-ido take, mutum ya ga abu ya faru, kada ya ga hannun da ya yi. Na haddace zancen nan, har ina maimaita wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Kakata, Hajiya, tana unguwar Madabo, a ɗakin da aka kai ta tun tana amarya. Idonta ya yi rauni, ƙananan maɓallan waya kuwa ta ce ba da ita ba. Autarta, wato Gwaggona, tana aure a ƙasar waje, ga shi likitoci sun sa mata ranar aikin zuciya. Gwaggo ta kira ni tana kuka, ta ce ba za ta iya kwanciya a gadon nan ba sai ta ga fuskar mahaifiyarta ta nemi gafara. Na ce ta bar komai a hannuna.

Na sayi babbar waya mai faɗin allo, na tsara ta yadda Hajiya ba za ta taɓa komai ba. Da an kira daga can, allo zai haska da kansa, fuska ta bayyana. Na jingine ta a kan kabad ina washe baki.

"Tsohuwa, kin ga rufa-idon zamani. Ko yatsa ba za ki ɗaga ba."

"To, Maigida," in ji ta, don haka take tsokanata. "Allah ya sa na alheri ne."

Kwana kaɗan Gwaggo ta sake kirana a ruɗe. Ta ce kira yana shiga, amma duhu kawai take gani, sai wata irin amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. Na garzaya Madabo. Babu waya a kan kabad. Na tambaya, Hajiya ta ci gaba da jan carbinta kamar da bango nake magana. Sai da na bi jeren kwanukanta ɗaya-ɗaya na sami wayar a can cikin kwalla, an naɗe ta da tsohon zani.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce 'yarta tana can tana jiran wuƙar likita, ita kuma tana nan tana wasa da kwanuka. Ta ajiye carbin ta dube ni.

"Kai, Maigida, ko ɗan da na haifa ba ya faɗo mini ɗaki babu sallama. Ina zaune da ɗaurin ƙirji, kaina ba ɗankwali, ƙafata cikin lalle, ina suɗe kwanon ɗumame, sai ga surukina a kan kabad yana kallona!"

Ashe mijin Gwaggo ne ya fara kira don ya gwada. Mutumin da shekara da shekaru Hajiya ba ta yarda sun haɗa ido ba. Shi ma, na ji daga baya, salati ya yi ya saki wayar ta faɗi ƙasa. Na so in yi dariya, sai na ga idonta ya ciko. Kunya ce ta gaske, kuma ni na jawo mata.

"Ina son ganin 'yata, har barci ba na iyawa," ta ce a hankali. "Amma abin da zai shigo mini ban ce ya shigo ba, wannan siddabaru ne. Ba na so."

Na koma na warware duk dabarar da nake taƙama da ita. Na sa Gwaggo ta turo mini muryarta tana sallama, mijinta ma ya turo tasa. Yanzu in an kira, sallamar mai kiran ce za ta fara tashi. A allon kuwa na zana labule, ja mai kauri, ya rufe ko'ina. Ba mai ganin Hajiya sai ta sa hannu ta share shi gefe. In ba ta so, ta dafa shi kawai, a yi hira ta bayansa.

Ana gobe za a yi aikin, da hantsi, ina zaune a bakin ƙofa, muryar Gwaggo ta cika ɗakin: "Salamu alaikum, Hajiya."

Tsohuwar nan ta amsa, amma ba ta yi sauri ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta gyara zama, ta yafa mayafi, ni kuwa kamar in tashi in janye mata. Sai da Gwaggo ta sake sallama sannan ta miƙa hannu ta ɗage labulen.

"Shigo, 'yar nan."

Gwaggo ta buɗe baki za ta nemi gafara, kuka ya ci ƙarfinta. Hajiya ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Me kika yi mini? Na yafe miki duniya da lahira. Ki je, Allah ya tashi kafaɗarki."

Na fita tsakar gida na tsaya kusa da randa, don kada su ga nawa hawayen. Aka yi aikin, Allah ya ba ta lafiya.

Har yau ina wannan sana'ar, kuma har yau ina son abin da na tsara ya zo wa mutum da sauƙi kamar rufa-ido. Amma daga wajen Hajiya na koyi iyakarsa. Wahala ita ake ɓoye wa mutum. Izinin wanda zai shigo masa kuwa nasa ne, kuma duk iyawarka ba ka da hurumin karɓe masa.