Direban da Ke Auna Gudu da Ruwan Kifi

A tashar Argungu, in ka tambayi Dankure, sai a ce maka, "Wane, mai tuƙa mota kamar jirgin ruwa?" Ɗan masunta ne, a cikin kwale-kwale ya yi wayo. Abin da ya raba shi da gulbi Fatu ce. Ruwa ya cinye mata wa tun tana budurwa, don haka ta ce ba ta auren mai shiga gulbi. Dankure ya soke filafilinsa na tuƙa kwale-kwale a rufin ɗaki, ya koyi mota, ya sami lasin. Wannan ɗan katin shi ne alkawarinsu, yana aljihun gabansa kullum.

Aikinsa ɗaya: kai tarwaɗa mai rai Birnin Kebbi da safe, cikin manyan robobi cike da ruwa a bayan a-kori-kura. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa yarda da allurar da ke gaban sitiyari ba. Kunnensa na baya. In ruwan robobi ya fantsama, ya yi gudu. In ya kwanta lif, to lafiya yake tafiya. Haka ake auna jirgi, kuma haka ubansa ya koya masa. Ba wanda ya gaya masa cewa a miƙaƙƙiyar kwalta ruwa ba ya motsi ko tashi sama kake.

Da damina abin ya fi kama shi. Fadama ta cika dama da hagu, shinkafa ta yi kore shar, farar balbela na tashi a hankali. Sai hanya ta narke masa ta zama gulbi, sitiyari ya yi laushi, ƙafarsa ta yi ta nutsewa kan totur bai sani ba. Kewar ruwa ce ke cinsa, bai taɓa faɗa wa Fatu ba. Jami'an hanya sun sha yi masa kashedi, ya sha rantsuwa shi bai gudu.

Wata safiya, dab da Zauro, wata tsohuwa da kwaryar nono ta ratso hanya. Ya farka, ya murɗe mota. Allah ya tsare tsohuwa, amma robobi suka kife. Dankure ya tsaya yana kallon tarwaɗa na jan ciki bisa kwalta, suna gangarawa fadama ɗaya bayan ɗaya. Har ga Allah, sha'awa suka ba shi.

A kotun tafi-da-gidanka alƙali ya tambaye shi dalilin wannan gudu.

"Ranka shi daɗe, ruwa ba su motsa ba," in ji shi. "Ko ɗigo."

Aka yi dariya, aka karɓe lasin.

Ya yi kwanaki zaune ƙofar gida, hannunsa na komawa aljihun da ba komai. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, hatsi kuma ya ja baya a rumbu. Maganar gulbi kuwa ba ta fita bakinsa, don shi ya yi alkawari.

Wata hantsi Fatu ta taka turmi, ta zaro filafilin daga rufin ɗaki. Ta share yanar gizon da bakin zanenta, ta daɗe tana sharewa. Ta miƙa mai, idonta na ƙasa.

"Baban Rahma, tahi gulbi," ta ce. "Can dai kunnenka bai yi maka ƙarya."

Ya karɓa. Murna ta cika shi, kunyar murnar ta fi ta yawa. Fatu ba ta raka shi ba. Ta juya turmin, ta zauna a kai, tana fuskantar ƙofa.