Kurma da Alƙur'anin Kakanmu

Jiya a gidanmu na garin Sara, Baffa ya fizge gafaka daga hannun 'yata Hajara kamar ta ɗauko garwashi. Alƙur'anin gado ne a ciki, rubutun hannun kakan kakanmu tun kafin zuwan Turawa. Da shi Baffa yake cika baki a kowane taron suna.

Hajara kurma ce, amma tana karatu, kuma da alwalarta.

Ya ce, "Karatu da kunne ake ɗaukarsa. Wadda ba ta ji me za ta gane? Ku cire ta daga makarantar nan, ta je gona korar tsuntsaye."

Kakata Inna, wadda ta haife shi, ko ɗago kai ba ta yi daga ɓarar gyaɗa ba. Ta ce, "Miƙa mata. Wanda ya rubuta shi ma tun da ƙyanda ta kama shi yana yaro bai ƙara jin kiran salla ba. Da ido ya kwafe shi, harafi bayan harafi. Kai da kunnuwanka biyu, me ka rubuta mana?"

Nan take Baffa ya tuna yana da ban-ruwa a fadama.

Hajara dai Litinin tana aji. Jama'a, ku ma kuna da mai gadin littafin da bai taɓa buɗewa ba?