Ranar da Na Ƙi Goge Ma'aunin Firiji

Akwai wata Litinin ta damina da har yau ba ta fita raina ba. Ina shekara ta biyu a aikin gyaran na'urorin firijin allurar rigakafi, aka kira ni daga Makarfi zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan Gazara. Na isa da hantsi, na tarar mata sun cika baranda da goyo, wasu tun safe suka tako daga rugage.

Malama Rabi, mai kula da rigakafi, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ja ni ɗakin firiji. Ma'aunin da ke manne a jikinsa ya mutu, fuskarsa baƙa ƙirin. Firijin da sanyinsa, amma an kwana biyu ana hadari, sola ba ta samu rana sosai ba. Ta ce ba za ta taɓa yaro ko ɗaya ba sai ta san abin da ya faru Asabar da Lahadi.

Ga wanda bai san aikin ba, cikin ma'aunin akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai tafiyar da shi, da ma'ajiyar da muke kira filash, inda manhaja da bayanan sanyi suke. Filash ba ta mantuwa ko wuta ta ɗauke. Amma idan batir ya yi ƙasa, akan sa ta barci mai nauyi don tattalin wuta, kuma a wannan hali ba ta jin kowane umarni sai na tashi.

Na jona ma'aunin da kwamfutata, shiru. Na kira shugabana, Injiniya Lawal. Ya ce in sa shi a yanayin rubutu, in zuba sabuwar manhaja, minti biyar an gama.

"Yallaɓai, filash ba ta karɓar rubutu sai an goge ta. Bayanan kwana biyun nan za su tafi."

"To ka san yadda za ka yi, amma ana jiranka a Kudan kafin azahar."

Na kasa zama. Yara na kuka, Malama Rabi na shiga tana fita, gumi ya jiƙe mini riga. Na danne ɗan maɓallin ciki, na shiga yanayin karatu kawai, na aika umarnin tashi. Sau biyu ina gaggawar tambayar filash ɗin kafin ta farfaɗo, ba amsa. A na uku na ƙirga goma a zuci. Sai layukan bayanan sanyi suka fara sauka.

Tun yammacin Asabar firijin ya ɗau zafi, bai dawo daidai ba sai Lahadi da la'asar. Na juya mata kwamfutar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta fita baranda ta ba matan haƙuri, da Hausa da Fulatanci, ta ce su dawo Alhamis. Wasu sun tafi suna mita. Ni ma na sha faɗa, don Kudan sai washegari na je.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga wannan aiki, na'urar da ta yi shiru ba lallai ta mutu ba. Ku tashe ta, ku karanta abin da ke cikinta kafin ku rubuta komai. Da na goge filash ɗin a ranar nan, da ma'aunin ya tashi lafiya lau, da kuma an yi wa yaran nan allurar da ba za ta kare su daga komai ba.