Sori da Tabarma

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka dawo da ni Birnin Kebbi daga Argungu, ina direban ma'aikata. Muka kama haya a Badariya, ni da maiɗakina da yaranmu. Katanga ce ta raba mu da wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu, wadda aka turo asibiti ita kaɗai, ba dangi ba kowa. Sista muke ce mata. Ba ta jin Hausa, maiɗakina kuwa ba ta jin Turanci, amma kwano ba ya fashin tsallaka katangar nan. Tuwon shinkafa ya tafi, miyar agushi ta dawo.

Wata Asabar da hantsi muka ji kuka daga gidanta. Na fita na tarar da mutumin da ya kawo saƙo daga tasha. Mahaifiyarta ce ta rasu a garinsu, kuma jana'izar sai bayan makonni, kamar yadda suke yi. Sista ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Maiɗakina ta yafa mayafi ta tsaya a kaina.

"Maigida, mi za ni ce mata? Ba ni shiga gidan rasuwa da baki rufe."

Karatuna bai wuce firamare ba, sauran Turancin a mota na tsince shi daga bakin manyan da nake tuƙawa. Amma abin da na sani, bi da bi na san shi. Na ce ta zauna, ba a koyo a tsaye.

"Kalmar ita ce sori. Da fari, in kin taka ƙafar mutum, ita za ki faɗa, kin ba shi haƙuri ke nan. Sannan in wani ya yi tuntuɓe ko yana ciwo, ta zama sannu. Sai babbar, in an yi wa mutum rasuwa."

"Taka ƙafa da mutuwar uwa, duka kalma guda?"

"Guda."

"Lalle Turawa na da rowar baki. To in na faɗa ta amsa, sai mi?"

"Sai ki taso."

"In taso? Kamar wadda ta zo aron turmi?"

Na yi mata bayani cewa haka na ga ana yi a ofis: a faɗa, a yi musabaha, kowa ya koma aikinsa. Tsorona shi ne kada Sista ta ga an takura mata, zumuncin katanga ya yanke. Maiɗakina ta maimaita kalmar har ta zauna mata a baki, ta fita.

Na ji sallamarta, na ji ta daɗe tana bugun ƙofa. Can aka buɗe. "Sori, Sista. Sori."

Na zauna jiran dawowarta har aka kira azahar. Sai ga muryarta ta kan katanga: "Maigida, miƙo mini tabarmi, da babbar tukunyar nan."

Na miƙa. Kafin la'asar matan layinmu sun fara shiga, kowacce da kwanonta. Ina jin maiɗakina a bakin ƙofa tana ba su darasina, amma ta yar da na fari da na biyu. "Ki ce sori, ki samu wuri ki zamna." Su kuma su faɗa, su ɗora da nasu: ya haƙuri, Allah ba ki dangana. Wata tsohuwa ta kasa riƙe kalmar, ta ce, "Ke faɗa mata a madadina, ni dai ga ni."

Da almuru maiɗakina ta shigo tana ɗingishi don dogon zama. Na tambaye ta ko Sista ta ji haushin taron.

"Ta ci tuwo," in ji ta. "Da hannuna na ba ta."

Ranar da za ta tafi jana'iza, Sista ta shigo gidanmu da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta damƙa wa maiɗakina makullin ɗakinta, suka riƙe hannun juna.

Yanzu jikokina kan zo da aikin makaranta su tambaye ni kalmar nan. Ina faɗa musu yadda na faɗa wa kakarsu, bi da bi, ban canza tsari ba. In na zo kan ta ukun, ta rasuwa, ne kawai nake ƙara cewa a tafi da tabarma.